Jirgin da Baba ya bari: abin da muka yi kafin ɗana ya taka cikinsa

Waɗanda suka turo saƙo suna cigiyata, na gode ƙwarai. Lafiya lau nake. Gida na je, wani ƙauye da ke bakin Kogin Kwara a ƙasar Yawuri, kuma tafiyar da na yi niyyar kwana huɗu sai da ta cinye mini mako uku. Dalilin daɗewar tawa shi ne zancenmu na yau.

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Basarke ne, da su ya ci da mu, da su ya biya mana kuɗin makaranta. Da aka zo rabon gado an raba gona, an raba awaki, amma da aka iso kan jirginsa na katako da injinsa sai kowa ya yi shiru. Ba a tsaga jirgi a ba kowa ɓari, kuma babu wanda bakinsa ya iya furta a sayar. Sai aka jawo shi tudu, aka ajiye ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, aka kai injin ɗakin ajiya aka rufe. Yayana malamin makaranta ne a birni, ni ina gidan aure a Kaduna, ƙanwata ma ta yi nisa. Haka jirgin ya sha damina shida da rani shida, ba mai waiwayarsa sai kaji.

Bana ɗana na fari, wanda ya ci sunan marigayin har muke kiransa Abba, ya gama sakandare yana zaman jiran makaranta ta gaba. Ya ce shi zaman banza ya ishe shi, a ba shi jirgin kakansa ya koyi su a wurin Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda suka yi shekara da shekaru suna shiga ruwa tare. Yayana ya ji daɗin maganar. Ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, balle jika mai suna. Ya turo kuɗin fenti da na mai, ya ce a tura jirgi ruwa kafin Juma'a.

Ni kuwa daren nan ban runtsa ba. Abba a Kaduna ya tashi. Ruwan da ya sani shi ne na famfo da na bokiti. Kuma duk wanda ya fito daga yankinmu bai manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya tarwatse a tsakiyar ruwa da mutum sama da 150 a ciki, kaɗan ne aka ceto da rai. Abin da aka yi ta faɗa bayan nan shi ne jirgin ya tsufa, kuma an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Da asuba na ce wa maigidan ba zan hana yaro ba, amma ƙafata ƙafarsa.

Fenti ba ya riƙe jirgi

Da muka isa, Abba ko hutawa bai yi ba ya ɗauki gwangwanin fenti ya nufi gindin mangwaro. Daga nesa jirgin lafiya lau yake. Har rubutun da Baba ya sa aka yi a gefensa ana iya karantawa. Baffa ya zo ya tarar da shi yana buɗe gwangwani, ya ce, "Ajiye wannan, shi ne na ƙarshe. Fenti kwalliya ce, kuma ita kwalliya ɓoye aibi take yi. Yau aibin muka zo nema."

Ya sa aka kwashe ganye da ƙasar da suka taru a ciki, aka wanke jirgin tas, aka samu matasa suka kifa shi. Sannan ya ɗauko ƙaramar guduma da wuƙa mai tsini, ya bi katakon ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Ya kira ni ya ce, "Ɗiyata, matso ki saurara." Inda katako ke da lafiya, gudumar tana dawowa da ƙara mai kaifi. Inda ya ruɓe, sai ka ji sautin ya mutu, kamar an bugi buhun dusa. Duk inda ya ji haka sai ya soka wuƙa. A wuri uku wuƙar ta shige ba tare da ya yi wani ƙarfi ba. A wuri ɗaya ma da ya ɓantare saman, sai ga hanyoyin gara a ciki, katakon ya zama fanko alhali bayansa sumul.

Wuraren da ya fi tsayawa a kansu su ne ƙasan jirgi inda ruwan sama ya riƙa kwanciya, da bakin kowace ƙusa, da katakon baya inda ake ɗaura inji. Ya nuna mini jan layin tsatsa da ya gangaro daga wasu ƙusoshi. Ya ce irin wannan ƙusa kanta kawai ya rage, cikinta ya cinye, kuma katakon da ke kewaye da ita ya yi laushi. Katakon baya kuwa shi ke ɗaukar nauyin inji da jijjigarsa. In ya ɓalle a tsakiyar ruwa, inji ya tafi, ruwa kuma ya samu ƙofa.

Sai ya sa na leƙa ƙarƙashin jirgin da yake kife. Wallahi hasken rana nake gani yana ratsowa ta tsakanin katakai kamar ta jikin asabari. Gabana ya faɗi. Baffa ya yi dariya ya ce wannan bai kai ruɓa tsoro ba. Katako in ya daɗe a tudu yana bushewa ya tsuke, sai haɗin ya buɗe. In ya sha ruwa zai kumbura ya matse. Amma ruɓaɓɓe ko shekara ya yi a ruwa ba zai dawo ba, sai dai a cire shi.

Aka kira mai gyaran jirgi. Ya cire katako uku da na baya, ya sa sababbi na maɗaci, ya canza ƙusoshin da suka mutu. Ya bi kowane haɗi ya ƙwaƙule tsohon abin da aka toshe da shi, ya cusa sabon zaren auduga da kurfi marar kaifi, ya bi da narkakkiyar kwalta. Na lura ba ya dannawa da ƙarfi sosai, na tambaye shi. Ya ce in aka cika wurin tam tun katako yana bushe, idan ya kumbura ba shi da wurin zuwa, sai ya tsage ko ya tumɓuke ƙusa. Wannan aiki kaɗai ya ci kwana biyar, kuma ya ci kuɗin fenti da na mai har da ƙari. Juma'ar da Yaya ya sa ta zo ta wuce.

Ya kira ni a waya ransa a ɓace. Ya ce, "Ke kin mai da abu ƙarami babba. Jirgin nan Baba ya yi shekara nawa yana shiga da shi ba abin da ya same shi?" Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Jirgin da Baba ya shiga kullum yana ruwa, kullum idonsa na kansa. Wannan da ke gabana shekara shida ba wanda ya taɓa shi. Kuma wanda zai shiga ba Baba ba ne." Ya yi shiru, sannan ya ce in turo masa hoton katakon da aka cire. Da ya ga hanyoyin garar nan, bai sake maganar Juma'a ba. Washegari ya turo ƙarin kuɗi.

A bar shi ya sha ruwa

Bayan gyara, na ɗauka sai shiga. Ashe da saura. Aka tura jirgin bakin gaɓa inda ruwa bai wuce gwiwa ba, aka ɗaure shi, aka bar ruwa ya cika shi da gangan. Kwana huɗu yana jiƙe. Abba ya riƙa zuwa safe da yamma yana kallonsa kamar mai jinya.

Rana ta biyar aka kwarfe ruwan, aka goge cikin ya bushe, aka bar shi yana yawo a kan igiya ba kowa a ciki har kwana ɗaya. Da safe Baffa ya duba yawan ruwan da ya shiga da kuma ta inda ya shiga. Ɗan tsattsafo kaɗan ba abin damuwa ba ne a jirgin katako. Abin da ake tsoro shi ne wurin da ruwa ke ɓulɓulowa. An samu guda, aka sake toshewa.

Gwaji na ƙarshe shi ya fi burge ni. Aka cika buhuna da yashi daidai nauyin mutum huɗu da kayansu, aka jera a ciki, aka bari tun safe har azahar. Haɗin da ke sama, wanda ruwa ba ya kaiwa in jirgi ba kaya, sai da nauyi ake sanin halinsa. Baffa ya auna tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin jirgi, ya ɗauki fentin nan na Abba ya ja layi a jikin jirgin. Ya ce, "Duk ranar da ruwa ya rufe layin nan, wani ya sauka ko a rage kaya. Ko ni ne na ce a ƙara, kada ka yarda." Gara buhun yashi ya gwada mana jirgi da a gwada shi da ɗan mutum.

Injin da ya yi barci

Injin ƙarami ne, mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Abba ya so ya ja igiya ya ji ko zai tashi. Makaniken da aka kira ya riƙe hannunsa. Ya ce kuskure biyu ake yi wa injin da ya daɗe a ajiye: a tashe shi da tsohon man da ke ciki, ko a tashe shi a tudu ba ruwa.

Fetur in ya daɗe yana lalacewa, ya bar wani danƙo da ke toshe ƙananan hanyoyin mai. Injin zai iya tashi a bakin gaɓa, ya yi ta ƙara kamar lafiya, sai an yi nisa ya mutu. Don haka ya zubar da tsohon man, ya wanke tanki, ya kwance kafireta ya wanke, ya sa sabon fulogi. Tiyon mai ya bushe ya tsattsage, aka canza. Igiyar tayarwa ɓeraye sun ɗanɗana ta, ita ma aka canza. Ya zuƙe man giya na ƙasa, wajen farfela, ya nuna mini launinsa. Ya ce in ya fito fari-fari kamar an zuba madara, ruwa na shiga ke nan, sai an canza robobin da ke tare shi.

Akwai kuma wata 'yar roba mai fukafukai a cikin ƙafar injin, ita ke jawo ruwan kogi ta sanyaya shi. In ta daɗe ba ta juya ba sai ta ƙage ta kakkarye, in kuma aka tashi inji ba ruwa, cikin ɗan lokaci take ƙonewa. Ya sa sabuwa, ya tsoma ƙafar injin a cikin duro cike da ruwa, sannan ya tayar. Ya nuna wa Abba wani siririn ruwa da ke tsartowa ta bayan injin. Ya ce, "Idonka a kan wannan. Ranar da ya tsaya, kashe inji nan take." Ya haɗa masa ƙunshi: fulogi na ajiya, abin kwance shi, igiya, da ƙusar farfela. Baffa ya ƙara da filafili biyu da doguwar gwangwala ta tuƙi. Ya ce inji baƙo ne a jirgi, filafili ne ɗan gida.

Ragar Baba kuwa ba ta tsira ba. Zaren roba in ya tsufa ko ya sha rana sai ya yi rauni, da ka ja sai ya tsinke. Dalma da abubuwan da ke sa ta yawo a saman ruwa kawai aka cire aka ɗaura wa sabuwa.

Inda na kafe

Duk abin da na lissafa a sama ilimin maza ne, ni kallo na yi da tambaya. Nawa guda ɗaya ne, kuma a kansa aka fi yi mini dariya. Tun daga Kaduna na sayo rigunan kariya guda huɗu, irin masu hana nutsewa. Kuɗin ɗaya bai kai na leshin anko ba.

Da na fito da su, wani maƙwabci ya ce, "Jikan Basarke da rigar ruwa? Ai abin kunya ne." Abba ma ya sunkuyar da kai. Sai Baffa ya ce da shi ya faɗa ruwa da kayan jikinsa, a inda ya kai wa mutum ƙirji, ya yi iyo zuwa wani jirgi da ke kusa. Bai kai rabi ba ya fara haki yana shan ruwa. Aka ce ya hau jirgi daga cikin ruwa, ya yi ta fama har sai da aka jawo shi. Daga nan bai sake musun riga ba. Baffa da kansa ya ce a shekarunsa ya ga gwanayen iyo da ruwa ya ci, domin wanda katako ya buga a kai, ko raga ta naɗe masa ƙafa, ko ya gaji, iyonsa ba ya amfaninsa.

Ga abin da na koya game da rigar, don wadda za ta saya. A sayi daidai jikin mai sawa, ta babba ba ta yi wa yaro. A ɗaure duk maɗaurinta, sannan a kama kafaɗun rigar a ɗaga sama. In ta haura ta rufe haɓa da kunnuwa, ta yi yawa, a ruwa za ta zame. Ta ƙananan yara a nemi mai igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu. A gwada ta a ruwa marar zurfi kafin ranar buƙata. Kada a mai da ita matashin zama, domin soson cikinta yana mutuwa. Kuma rigar da ke ajiye a gefe ba ta ceton kowa, jirgi ba ya sallama kafin ya kife.

Ba ni kaɗai ke wannan magana ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lokoja, ta daɗe tana cewa kada a hau jirgi ba riga, kada a yi lodi fiye da ƙima, kada a yi tafiyar dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta kowace shekara don tunatarwa a kan haka.

Ranar fita

Baffa ne ya zaɓi ranar da lokacin. Bayan sallar asuba, gari ya waye sarai, ba iska ba hadari. Ya ce a ruwanmu iskar yamma ce abin tsoro, musamman farkon damina, takan taso ba zato. Akwai kuma kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya mamaye dazuzzuka da tsoffin garuruwa, kuma in ruwa ya ja baya kututturan nan sukan matso kusa da sama. Wanda bai san hanya ba sai ya hau kansu. Don haka fitar farko ba ta neman kifi ba ce, ta sanin jirgi ce da sanin hanya.

Mutum uku suka shiga, kowa da rigarsa, har Baffa, wanda ya ce ya sa ne don kada yaro ya ji kunya. Wani jirgin ya bi su a gefe. An sa ƙoƙon kwarfar ruwa biyu, da jarka wadda ba komai a ciki an toshe bakinta an ɗaura mata doguwar igiya, don in wani ya faɗa a jefa masa maimakon a bi shi. Waya tana cikin leda a ɗaure. An gaya mini inda za su da lokacin dawowa. Da filafili suka fara, sai da suka ɗan yi nisa aka tashi inji, kuma ba su bar ganin gaɓa ba.

Ina tsaye a bakin ruwa, bakina bai huta da addu'a ba. Ba su cika awa ɗaya ba na ga sun juyo. Ashe jijjigar inji ta buɗe wani ɗan haɗi a baya, ruwa na shigowa a hankali. Ba abin tashin hankali ba ne, suna kwarfewa suka iso. Amma na tambayi kaina: da a ce ranar Juma'ar nan ta farko aka tura shi, da fenti sabo fil da ruɓaɓɓen katako a ƙasa fa? Aka gyara wurin, aka sake fita bayan kwana biyu. A fita ta uku Abba ya dawo da karfasa huɗu da tarwaɗa ɗaya. Na yi miya da su, na ci ina share hawaye, domin rabon da in ci kifin jirgin nan tun Baba na raye.

Kafin in taho mun zauna da Yaya da ƙanwata ta waya, da Baffa a matsayin shaida, muka rubuta yadda za a yi: jirgi na magada ne gaba ɗaya, za a riƙa ware wani abu daga abin da aka samu don gyara, kuma Abba ba zai shiga ruwa shi kaɗai ba sai ranar da Baffa ya ce ya isa. Wannan takarda da mun yi ta tun shekara shida da suka wuce, da jirgin bai kwanta ba.

Na san da yawanku ba ku da jirgi, wasu ma ba su taɓa ganin babban kogi ba. Amma muna hawa in za mu biki ko kasuwa, kuma muna tura yara. Mutanen Kano ba su manta da Bagwai ba, ƙarshen Nuwamban 2021, inda jirgi ya kife a dam ɗin Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Mauludi. Uwa tana da ikon ta leƙa cikin jirgi ta ga ko ruwa ya taru, ta dubi yadda bakinsa ya kusa da ruwa, ta ce ita da 'ya'yanta za su jira na gaba. Za a ce kin cika tsoro. Ni ma an faɗa mini, kuma ban mutu ba.

Wadda take da irin wannan kayan gado da ke kwance, jirgi ne, mota ce, ko tsohuwar rijiya, ta gaya mana a ƙasa yadda suka yi da shi. 'Yan'uwa na bakin ruwa kuma, daga Yawuri, Argungu, Baga ko Hadejia, in akwai abin da Baffa ya manta, ku ƙara mana. Allah Ya tsare mana zuri'a, a tudu da a ruwa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.